Taura Biyu a Baki Ɗaya

Kowa ya taɓa cin taura ya san abin da ya sa mutanen dā suka ce taura biyu ba su taunuwa. Ƙwallonta babba ne, namanta kaɗan, ga tauri. In yaro ya yi kwaɗayi ya cusa biyu a baki, ba zai ji zaƙin ko ɗaya ba, sai muƙamuƙinsa ya yi tsami, daga baya ya tofar da su duka. A wannan wata muna so mu yi shawara da ku, 'yan'uwa masu karatu, a kan waɗansu taura biyu da a ke miƙa wa 'ya'yanmu masu neman zama likitoci. Ɗaya ita ce jarrabawar shiga karatun likita. Ɗayar kuwa ita ce damar yin 'yan watanni ana koyon aikin bincike wurin masana. Dukansu abin kirki ne. Wahalar ita ce sau da yawa tare su ke zuwa.

Misalin wani yaro

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani yaro mutumin Kurfi, garin nan da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma. Ba mu sa masa suna ba, gama irinsa suna da yawa, maza da mata. Tun yana ƙarami ya ke so ya zama likita. Ya gama sakandare, ya zauna jarrabawar JAMB, amma makinsa bai kai na likita ba. Sai aka ba shi gurbin ilmin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ya karɓa ya gode, ya fara karatu, amma zuciyarsa ba ta rabu da asibiti ba. Ya ƙudura zai sake zama jarrabawar.

Ana nan sai lokacin koyon aiki ya zo. Tun 1973 akwai shiri a Nijeriya da a ke kira SIWES, 'yan makaranta kuwa IT su ke ce masa, inda ɗalibin kimiyya ya kan bar aji wata uku zuwa shida, ya je ya taɓa aiki da hannunsa. Waɗansu su kan nemi wurin da ba a matsa musu ba. Shi yaron nan, wani malami mai binciken ciwon tsargiya ya ga ƙwazonsa, ya ce masa ya zo su yi aiki tare a ƙauyukan da ke kusa da ruwa. Yaro ya duba kalanda, sai ya ga watannin aikin su ne watannin da ya tanada domin shirin jarrabawa. To, me zai yi?

Kada mu ce wannan damuwa tamu ce kaɗai. A Amurka sai ɗalibi ya gama digiri na fari kafin ya shiga makarantar likita, kuma akwai jarrabawa mai suna MCAT da ya kan zauna wajen sa'a bakwai da rabi yana yi. Can ma samari su kan rasa yadda za su raba dogon hutunsu tsakanin ɗakin bincike da littattafan jarrabawa. Ƙasa dabam, taura iri ɗaya.

Nauyin jarrabawa

Da fari mu auna jarrabawar, kada mu raina ta. An kafa hukumar JAMB a 1978. Tun daga 2015 a kwamfuta a ke yin jarrabawarta duka. Mai neman karatun likita darussa huɗu ya ke ɗauka: Turanci, da ilmin halittu, da kemistiri, da fizis. Tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, watau daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, makin duka kuwa 400. A 2024 mutum wajen miliyan 1.9 suka zauna. Kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika ɗaya cikin ɗari ba. Bayan wannan jami'o'i su kan yi tasu tantancewar. Ga shi kuma hukumar da ke kula da aikin likita ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, masu turereniya a bakinta kuwa ba iyaka.

Saboda haka yaron da ya ce yana bukatar dukan lokacinsa domin karatu ba ragwanci ya ke yi ba. Kuma ba son kai ba ne. Bayansa akwai uwa da ta sayar da akuyarta aka biya kuɗin rajista, akwai uba da ya rage gero a rumbu. Gabansa kuwa akwai marasa lafiya na ƙauyukanmu, waɗanda su kan yi doguwar tafiya kafin su ga likita. In ya ci jarrabawa, ya yi shekara shida yana karatu, ya ƙara shekara guda ta koyon aiki a asibiti, su ne za su mori wahalarsa. Wanda ya ke shirin jarrabawar nan da gaskiya, aikin jama'a ya fara tun daga kan tabarmarsa.

Nauyin bincike

Yanzu mu auna taura ta biyu. Mene ne aikin da malamin ya ke kiran yaron ya yi?

Tsargiya ciwo ne da muka sani tun kaka da kakanni, har waɗansu sun ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne. Wata tsutsa ce ke kawo shi, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai ciwon ya kan fitar da ƙwayayen tsutsar cikin fitsarinsa. In suka shiga tafki sai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan katantanwa, su yi yawa a ciki. Bayan 'yan makonni su fito cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, su huda fatar mai wanka ko mai su ko mai wanki. Sa'an nan su girma cikin jijiyoyin jini kewaye da mafitsara. In an bar ciwon ya daɗe, ya kan rage jinin yaro, ya hana shi kuzari, ya ɓata mafitsara da ƙoda. Duk inda ruwa ya ke kwance shekara da shekaru, kamar tafkuna da madatsun ruwa, ya kamata a riƙa dubawa. Mu kuwa a ƙasar Dutsin-Ma muna da babban ruwa, watau madatsar Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka gama ginawa a 1983. Irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi shekaru a Malumfashi suna ƙidayar masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji.

Ga yadda aikin ya ke. A kan karɓi fitsarin yara tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, domin a lokacin ne ƙwayayen suka fi fita. A ɗebi mililita 10, a tace, a ɗora abin da ya rage a kan gilashi, a sa a madubin likita, a ƙidaya ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. In sun kai 50, ciwon ya yi nauyi. Sa'an nan a rubuta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Aiki ne mai wari, mai gajiyar da ido, ba wanda zai tafa maka.

Amma ku dubi inda lissafin ya ke zuwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa inda masu tsargiya suka kai 10 cikin 100, a riƙa ba jama'ar wurin magani kowace shekara, tun daga mai shekara biyu. To, a ce an auna yara 100, goma sha ɗaya suna da ciwon. Yaronmu ya kwana yana haddar fizis, ido ya yi nauyi, zuciyarsa tana kan littafin da ya ɓoye a aljihu. Gilashi biyu bai duba da kyau ba, ya rubuta "babu". Goma sha ɗaya ta koma tara. Takarda ta tafi. Ba wanda ya gani, ba kuwa wanda zai tuhume shi. Amma yaran da ya kamata su sha magani suna can suna fitsarin jini.

Wanne ya fi nauyi?

A nan ne mu ke so mu tsaya. Yawancin shawarar da a ke ba samari ita ce su raba lokaci, su zana jadawali, kaza na safe, kaza na yamma. Wannan yana da amfani, za mu kuwa zo kansa. Amma a ganinmu tambayar ba ta sa'o'i ba ce da fari. Tambayar ita ce: lokacin nan na wane ne?

Kafin yaro ya amsa wa malamin, lokacinsa nasa ne. Yana da iko ya ce, "Malam, na gode, amma bana ina shirin jarrabawa, a ba wani." Ba laifi a cikin wannan ko kaɗan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ran da ya ce "Na yarda," sa'o'in nan sun fita hannunsa. Sun zama na malamin da ya amince da shi, da na ɗan'uwansa ɗalibi da aka hana gurbin aka ba shi, da na yaran ƙauye da suka yi layi cikin rana da 'yan kwalabe a hannu. Alkawari kaya ne. In ya ɗebi sa'a biyu daga cikinsu a ɓoye ya ba fizis, ba rabon lokaci ya yi ba, ya taɓa amana ne.

Akwai kuma wani bambanci. In ya faɗi jarrabawa, hasarar ta fi faɗawa a kansa da gidansu, tana da zafi, amma baɗi ma za a yi wata. In ya rubuta lissafin ƙarya, hasarar tana kan waɗanda ba su san sunansa ba, ba su da bakin yin ƙara, ba kuwa yadda za a kira takardar ta dawo. Hasarar da mutum ya jawo wa kansa da wadda ya ɗora wa marar ƙarfi ba ma'auninsu ɗaya ba.

Wani zai ce mana, "Kun tsananta. Wata uku ne kawai. Bari yaro ya lallaɓa ya wuce, in ya zama likita zai ceci dubbai. Me gilashi biyu za su rage?" Mun ji wannan magana, ba kuwa ta wauta ba ce. Amma mu yi tambaya: wane irin likita ne zai fito? Aikin likita, in an tuɓe masa farar riga, mene ne in ba duban abu da kyau da rubuta gaskiyar abin da aka gani ba? Da tsakar dare a ɗakin marasa lafiya ba mai tsaron likita. Shi kaɗai ya san ko ya auna zafin jikin jaririn nan ko kuwa ya rubuta abin da ya zata. Hannun da ya saba rubuta "babu" ba tare da ya duba ba, ba takardar shaida ce za ta sake shi ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. JAMB tana auna abin da yaro ya sani. Madubin likita kuwa yana auna ko wane ne shi. Wannan ma jarrabawar shiga aikin likita ce, ko da ya ke ba a buga sakamakonta.

Labarin Toronto

Akwai labari na gaskiya da ya dace da maganarmu. A 1921, a birnin Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting ya sami izinin yin gwaji a kan ciwon sukari lokacin dogon hutu. Shugaban sashen, Farfesa Macleod, ya ba shi ɗaki da karnuka da ɗalibi guda ya taimake shi, Charles Best, mai shekara 22, wanda bai zama likita ba tukuna. Aikin Best shi ne auna sukari cikin jini da fitsarin karnuka, kullum, cikin zafi da wari. Daga wannan aiki insulin ya fito. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro allurarsa, ya rayu. A 1923 aka ba Banting da Macleod lambar Nobel, Banting kuwa ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi.

Ba mu kawo labarin domin kowane ɗalibi ya zaci zai gano sabon magani ba. Dubbai sun yi irin wannan aiki ba a san sunansu ba. Abu biyu mu ke so a lura. Na ɗaya, da a ce awon saurayin nan na ƙarya ne, da ba abin da za a gina a kai. Na biyu, Best ya gama jarrabawarsa ta digiri tukuna, sa'an nan ya shiga aikin a watan Mayu. Takardar likita kuwa sai 1925 ya same ta. Ya tauna taurarsa ɗaya bayan ɗaya.

Hanyoyi uku masu kyau

To, me za mu faɗa wa yaron Kurfi? Muna ganin hanya uku ce a gabansa, dukansu na mutunci.

Ta fari, ya ƙi aikin binciken da ladabi, ya nemi wurin koyon aiki da ba a rataya lafiyar kowa a kan lissafinsa ba, ya yi abin da aka sa shi can da gaskiya, sauran ƙarfinsa ya ba jarrabawa. Wannan ita ce ta wanda ya san akwai babban rami a karatunsa, musamman kemistiri ko fizis.

Ta biyu, ya karɓi binciken da hannu biyu, ya ɗaga jarrabawa zuwa baɗi. Wannan tana da ɗaci, gama shekara ba wasa ba ce. Amma mu tuna da Dokta Barau Dikko, likita na fari daga Arewa, wanda aka haifa a Wusasa a 1912. A zamaninsa babu makarantar likita a Arewa duka, sai da ya bi ta Ikko ya haye teku zuwa Bamingam a Ingila. Ya rasu a 1977, ga asibitin koyarwa a Kaduna yana ɗauke da sunansa. Yau akwai makarantun likita a Zariya da Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri da waɗansu wurare. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku, ya yi duka biyu, amma a fili. Watau tun kafin ya fara ya je wurin malamin ya ce, "Malam, ina da jarrabawa ran kaza. Ina roƙo a sallame ni mako biyu kafin ranar, zan biya su daga baya. Sauran kwanaki kuwa daga safe har a tashi ni naka ne." In malam ya yarda, sai yaro ya nemi lokacin karatu daga abin da ke nasa: sa'a biyu da asuba kafin gari ya yi zafi, sa'a guda da dare, sa'a biyar ran Asabar. Sa'a 20 ke nan a mako. Cikin mako 12 sun zama 240, kowane darasi ya sami 60. Ba su da yawa, amma na halal ne. Abin da zai biya da shi shi ne hira da kallon ƙwallo da latsa waya, ba barcin da ido ke bukata domin madubi ba. Ya bar wa jikinsa rana guda ta hutu. In kuwa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya koma ya faɗa tun da wuri, kada ya bari sai aiki ya lalace.

Hanya ta huɗu ita ce mu ke tsoro: ya ce "to" ga kowa, ya zo aiki da jiki ba zuciya, ya cika littafin aikinsa da abin da bai yi ba, ya nemi a sa masa hannu. Ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuwa ta fi tsada.

Ga iyaye da malamai

Maganar ba ta yara kaɗai ba ce. Mu iyaye, sau da yawa mu ne mu ke cusa musu taura ta biyu, har da ta uku. Muna so yaro ya ci jarrabawa, ya yi suna wurin malamai, in damina ta faɗi kuma ya zo ya kama fartanya. In ya ce ba zai iya duka ba, sai mu ce ya yi girman kai. Ya kamata mu zauna da shi, mu tambaye shi wanne ya zaɓa, mu sauke masa sauran. Kada kuma mu sa shi ya ji kamar in bai zama likita ba ya kunyata gida. Mai aiki a ɗakin awo, wanda ya ke ƙidaya ƙwayayen tsargiya daidai, shi ne idon likita. In babu shi, likita lalube ya ke yi.

Ku kuma malamai masu ɗaukar ɗalibai, ku tambaye su tun ranar fari ko suna da wata jarrabawa a gaba. Yaro ya kan ji nauyin babba, ya ce "to" alhali zuciyarsa tana cewa "a'a". In kun buɗe masa ƙofar faɗin gaskiya, kun tsare aikinku, kun kuma koya masa abin da ya fi ƙidayar ƙwai.

Ba mu san hanyar da yaron Kurfi zai bi ba, gama zaɓin nasa ne. Abin da mu ke roƙo shi ne wannan. Wata rana ɗayanmu zai kwanta a gadon asibiti a Dutsin-Ma ko Katsina, wani saurayi mai farar riga ya sunkuya a kansa, ya rubuta wani abu a takarda, ya wuce. Ba za mu tambaye shi maki nawa ya ci a JAMB ba. Abin da za mu so mu sani shi ne ko ya duba kafin ya rubuta.